Ku Cire Sunana Daga Jikin Yariman Aljanun Nan

Zuwa ga Hajiya Shugaba, shugabar ƙungiyar marubutan nan masu sakin labari a waya, da 'yan kwamitinta baki ɗaya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da girmamawa, ya gida, ya yara, ya fama da jama'a? Allah ya ƙara girma, ya taya ki riƙo. Ranki ya daɗe, sunana Ɗanlami mai aski. In kika ce Ɗanlami a Unguwar Shanu za a tambaye ki wanne, in kuwa kika ce Kilifa, ko akuyar bakin layi za ta raka ki har ƙofar shagona. Daga Kawo har Malali, duk kan da kika ga ya yi kyau a wurin ɗaurin aure, ki bincika, ta hannuna ya bi. Sai dai yau ba talla ce ta kawo ni ba. Raina a ɓace yake, Hajiya, ɓacin da ban taɓa yin irinsa ba, kuma 'yar ƙungiyarki ce ta ɓata shi.

In fara da gaskiya, ni da rubutu ba ma shiri. In na rubuta abu da hannuna, sai an zo an ɗauke ni a mashin in je in karanta musu. Don haka wannan takardar da baki nake faɗa, Malam Sabi'u mai shagon kwamfuta maƙwabcina yana bugawa, kuma na gaya masa in ya gyara min magana ko ɗaya, ya nemi mai yi masa aski a wata unguwar.

Ba son raina ba ne in fito bainar jama'a. Na kira lambarku ba a ɗauka ba. Na tura saƙon murya, na ga alamar an saurara, shiru. Daga baya ma sai aka cire ni daga guruf ɗin marubuciyar, ni da na biya kuɗin shiga da gumina. To tun da an rufe min ƙofa, ga ni a kan titi, kowa ya ji.

Na ɗaya: yadda sunana ya shiga littafin.

Kin fi ni sanin al'adar marubutanki. Duk mai karatun da ya fi kowa zaƙewa a guruf, ya fi kowa yabo da tura sitika, sai marubuciya ta saka masa ta hanyar sa sunansa a cikin labari. Haka na ga an yi wa wata Maman Ilham, aka mai da ita jakadiyar sarauniya. Wani mai sayar da caja a Babbar Kasuwa aka ba shi waziri, har yau bai dawo daidai ba, Waziri ya sa aka rubuta a jikin shagonsa.

To a guruf ɗin wannan marubuciya taku, wadda ba zan kama sunanta ba duk da ita ta kama nawa har da laƙabi, wa ya kai ni? Sabon fejin labari ba ya sauka sai sitikata ta riga ta kowa sauka. Ni nake sa labaranta a sifika a shago, kwastoma ya zo aski ya ƙi tafiya, ya gama ya koma benci yana jiran ya ji ƙarshen faɗa. Mutanen da na kai mata guruf sun isa cika motar haya har da masu tsayuwa. Da ta ce za ta sa ni a sabon littafi ta ba ni bafade, na ce haba 'yar uwa, ki dube ni da kyau, wannan fuskar ta yi miki kama da ta bafade? Jarumi ko a bari. Ta yi dariya ta ce ta yarda, in turo hoto, in gaya mata yadda nake magana. Na tura. Na gaya mata ina da wushirya, ina da tabo a girar hagu, kuma duk wanda ya zauna a kujerata nakan ce masa, kwantar da hankalinka, ka zo hannun gwani.

Wannan na yarda da shi, ban musa ba, kuma ko a gaban alƙali zan maimaita. Na yarda a sa ni jarumi. Iyakar abin da aka tambaye ni ke nan, iyakar abin da na amsa ke nan.

Littafi ya fito. Labarin daular aljanu ne a ƙarƙashin Kogin Kaduna. Yarima Ɗanlami, mai wushirya, mai tabo a girar hagu, takobinsa na wuta sunansa Kilifa. In ya rikiɗa ya zama mutum, shagon aski yake buɗewa a Unguwar Shanu don ya dinga ganin wata ma'aikaciyar asibiti mai suna Zuwaira tana wucewa. Hajiya, ko makaho aka karanta wa ya san ni ne. Kuma farkon labarin, wallahi ya yi daɗi. Na sare kan dodo, na ƙona garin matsafa, na haɗiye tsawa na yi gyatsa. Sifika na canja na sayo babba. Unguwa ta koma kirana Yarima, ni kuma ina amsawa da hannu ɗaya a sama. Babu wanda ban gaya wa ba. Har gidan surukaina, inda nake neman aure, na kai labarin da bakina.

Na biyu: abin da nake shirin rasawa.

Akwai wata baiwar Allah, Malama Hadiza, tana koyarwa a makarantar firamare, gidansu a Unguwar Dosa. Ta taɓa aure ta fito. Abin da ya raba auren nan nata ne, ba na jarida ba ne, kuma ba za a ji shi a bakina ba. Abin da zan ce kawai, mace ce da ba ta yarda da namiji da wuri, kuma tana da hujjarta. Na daɗe ina bin layin nan nasu kafin ta fara yi min dariya. Ni da nake sa mai ciwon haƙori dariya, sai da na yi gumi a kanta.

Mahaifinta, Baba Alhaji, tsohon ma'aikacin gwamnati ne, mutum ne mai tsari, ko jarida a ninke yake ajiye ta. Da farko bai ga abin da 'yarsa mai satifiket za ta yi da mai aski ba. A hankali ya sake da ni, har ya zama duk ranar Juma'a da safe ni nake zuwa gida in yi masa aski da gyaran fuska kafin masallaci. Manyana sun kai gaisuwa, an karɓa. Abin da ya rage a sa rana. A nan muke, Hajiya, a daidai nan, lokacin da 'yar ƙungiyarki ta saki fejin da ya jawo wannan takarda.

Na uku: fejin, da muryata a ƙarƙashinsa.

Na gaya miki ni da rubutu ba ma shiri, to karatu ma yana ba ni wuya. Ni odiyo nake jira, wanda wani mai murya yake karantawa ya saki bayan 'yan kwanaki. Amma a guruf ba a jira. In ka yi jinkirin yabo, wani ya sha gabanka, marubuciya ta fara ambaton sunansa a godiyar saman feji. Don haka abin da na saba, feji na sauka sai in danna in yi yabo, daga baya in odiyo ya zo in ji abin da na yaba. Ba ni kaɗai nake haka ba, ki tambayi masu kula da guruf, rabin masu ihun nan ba su karanta ba.

Ranar ina tsakiyar aski na ji waya ta yi ƙara, na ga sabon feji. Wanda ya gabace shi ya tsaya ne ana shirin yaƙi, don haka na ɗauka yau zan ƙarasa da sauran dodannin. Na ajiye kilifa, na danna, na cika baki. Na ce Allah ya yi wa marubuciya albarka, wannan fejin ya fi kowanne daɗi, ni ne nan sak, haka nake ko a gida, duk wanda ya san ni ya san zan aikata abin da ya fi haka. Har da dariyata a ƙarshe, irin wadda ake ji daga bakin titi.

Odiyo ya zo ranar Asabar da rana, shago cike. Na ƙure sifika, na ce jama'a a yi shiru Yarima zai yi aiki.

Babu yaƙi a fejin. Ɗakin Zuwaira yariman ya shiga. Matar nan tana da wanda take so, ɗan adam irinta, kuma tun farkon littafin take ce wa yariman a'a. A fejin ma ta ce a'a, ta roƙe shi da Allah, ta yi ta faɗa har muryarta ta dishe. Sai ya hura mata wani hayaƙin tsafi, jikinta ya mutu, idonta biyu tana gani amma ko yatsa ba ta iya ɗagawa. Sannan ya sunkuya da wushiryata, da tabona, ya ce mata ta kwantar da hankalinta ta zo hannun gwani. Sauran ba zan sa Malam Sabi'u ya buga ba, mutum ne mai iyali. An faɗe shi dalla-dalla, har da kiɗa mai taushi a ƙasa kamar ana bikin amarya. Da gari ya waye tana kuka, sai marubuciya ta ce wai a ranar ne son yarima ya fara tsirowa a zuciyarta.

Hajiya, kilifa tana hannuna tana ta kuka ita kaɗai. Wani dattijo, Alhaji Mamman, tsohon direba ne da ya daɗe yana aski a wurina, ya cire ƙyallen da na ɗaura masa a wuya, ya sa hula a kan rabin aski ya fita, ko kallona bai yi ba. Amma ba shi ne ya fi ƙona min rai ba. Samarin da ke kan benci ne, dariya suka kwashe da ita har da tafawa, ɗaya yana cewa ashe Yarima haka kake aikinka, a sammana hayaƙin nan mana. Na kashe sifika na kore su gaba ɗaya, na rufe shago da rana tsaka, abin da ko ranar da aka yi min sata ban yi ba.

Kafin in kai ga goge saƙon nan nawa, ya riga ya fita daga guruf. Wani ɗan albarka ya haɗa shi da fejin, labari a sama muryata a ƙasa, ya sake shi duniya.

Na huɗu: amsar da marubuciyarku ta ba ni.

Na kira ta raina a ɓace amma ban zage ta ba, Allah shaida. Ta ce wai littafin manya ne, kuma ta rubuta hakan a sama. Na ce to ni yaro ne? Gemuna ya fara furfura. Ni fa ba matsoraci ba ne a labari. A fille kai, a ci hanta ɗanya, a binne mutum da ransa, maita, tsafi, duk ina ji ina cin gyaɗata. Ban taɓa cewa a daina rubuta mugunta ba, duniya ma cike take da ita, kuma labarin da babu mugu ai ruwan sanyi ne. Amma a duk labaran da na ji, in mugu ya yi mugunta, labarin ya san mugunta ce. Wannan kuwa an ɗauki aikin azzalumi an shafa masa turare, an sa masa kiɗa, an ce mana jarumi ne, mu tafa.

Ta ce ai aljani ne, ba mutum ba, dokar mutane ba ta hau kansa ba. Haba! Aljanin da yake da shago a Unguwar Shanu? Aljanin da yake da tabon da na samo ina yaro a bakin rijiyar gidanmu? In aljani ne, ta ba shi ƙaho da kofato mana, me ya kawo girata ciki? Sannan ita Zuwaira ai ba aljana ba ce. Mace ce mai zuwa aiki da farin kaya, irin wadda kowa yake da ita a gida. Shi ko iska ne, ita dai mutum ce, kuma a'a ta ce.

Ta ce ai hayaƙin ya sa Zuwaira ba ta ji zafi ba, kuma ba ta hana shi ba. Nan ne na ji kaina ya yi zafi. Ni a kujerata mutane barci suke yi, hannuna ne da daɗi, ba laifinsu ba ne. Mutum ya zo askin kai barci ya ɗauke shi, sai in bi gemunsa in kwashe, in ya farka in ce ai ba ka hana ni ba? Wallahi da an daɗe da ƙona shagon. Gashi ma ke nan, da yake sake tsirowa.

Ta ce masu karatu ne suke so, kuma mata ne ma suka fi nema. Ban ƙaryata ta ba, na ga masu tura hoton zuciya suna wayyo Yarima. Wanda yake son irin wannan, shi da ransa, ni ba ɗan sanda ba ne, ba zan bi waya waya ina leƙe ba. Amma na ga waɗanda suka fice daga guruf a ranar ba sallama. Ita kanta Maman Ilham, jakadiyar tata, ta kira ni tana faɗa, ta ce tana cikin girki ta buɗe fejin da niyyar karanta soyayya, abincin da ba ta iya ci ba ke nan, sannan ta ji muryata ina cewa haka nake ko a gida. Wa ya tambaye ta ko ta shirya karanta wannan? Kalmar "na manya" da ake liƙawa a sama ba ta gaya wa kowa komai, a kan kowane littafi ake sa ta, har wanda babu komai a ciki sai riƙe hannu.

Ƙarshe ta ce in yi haƙuri in jira, wai gaba za su shirya, Zuwaira za ta haifa masa tagwaye ta riƙa kiransa nurul ƙalbi, wai hasken zuciya, kowa ya manta. Ko kuma in na matsa, ta mai da sunan Ɗanladi. Ɗanladi mai wushirya, mai tabo a gira, mai shago a layinmu! Hajiya, ni za a yi wa wayon yara? Da na ce ban yarda ba, zan yi magana a guruf, kafin in buɗe baki an cire ni. An ce wai ina ɓata wa marubuciya kasuwa.

Na biyar: inda abin ya kai ni.

Juma'ar da ta biyo baya na ɗauki jakata na tafi Unguwar Dosa kamar yadda na saba. Na yi sallama, Baba Alhaji ya fito da kansa. Kansa a aske tas, gemu a gyare. Wani ya riga ni. Bai yi min faɗa ba, da ma ya yi. Ya amsa gaisuwata a tsaye, ya ce an hutar da ni, ya koma ciki ya tura ƙofa. Na tsaya da jaka a hannu kamar mai tallan maganin ɓera. Da yamma kawun Hadiza ya kira yayana ya ce maganar sa rana a dakata tukuna, suna bincike.

Bincike a kaina, Hajiya! Ni da matan unguwa suke turo min 'ya'yansu aski su kaɗai ba rakiya. Yanzu akwai gidajen da suka daina. Ina wucewa 'yan mata suna rufe hanci da mayafi suna dariya, wai kar in hura hayaƙi.

Da ƙyar na samu Hadiza ta tsaya min a bakin makarantarsu bayan an tashi. Na zo da barkwancina na kullum, ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce ba sai na rantse ba, ta san ban karanta fejin ba kafin in yi yabo, ai ita take karanta min saƙon banki. Ta ce ba sunan ne ya dame ta ba, ba kuma tsokanar da malaman makarantarsu suke mata ba, suna kiranta amaryar yarima. Abin da ya hana ta barci shi ne, mutanen da suka ji na yabi abin nan da babbar murya, har yau ba su ji na ce komai a kansa ba. Na ce ai an cire ni daga guruf. Ta ce bakin ma an cire min? Ta ce ita ta san irin mazan da suke ganin abin da yariman nan ya yi ba komai ba ne, ta san su fiye da yadda take so, kuma ba za ta sake shiga gidan da ba ta da tabbas ba. Ba ta ce ta fasa ba, ba ta kuma ce tana nan ba. Ta ce sai ta ji na kira abin da sunansa a gaban jama'a, ba da wasa ba, ba da dariya ba, sannan za ta san me za ta gaya wa babanta. Ta tari keke ta tafi, ta bar ni da ledar tsiren da na kawo mata.

Tun ranar ba ta ɗauki wayata ba.

Don haka, Hajiya Shugaba, ga abin da nake nema a wurinki da kwamitinki, kuma ba alfarma nake roƙo ba.

Ki sa 'yar ƙungiyarki ta cire sunana, da laƙabina, da tabona, da wushiryata, da shagona, da maganar da nake yi wa kwastomomina, daga rubutun da kuma odiyon. Ta faɗa da bakinta a guruf cewa ba ta gaya min abin da yariman zai aikata ba kafin ta saki fejin.

A sa wannan takarda a cikin guruf ɗin da aka kore ni, a ƙarƙashin fejin nan, daidai inda muryata take. Ba na son a mayar da ni, na ƙoshi. Takardar kawai.

Ku kafa doka a ƙungiyarku. Duk wanda za a sa sunansa a labari, a gaya masa tun farko abin da za a sa shi ya yi, musamman in da kisa ko taɓa mace a ciki. In labari ya canja hanya a tsakiya, a dawo a sake tambayarsa. Amsar da mutum ya bayar a farkon littafi ba ta sayar da shi har ƙarshe ba. Ku tuna mutanen nan suna da surukai.

Ku riƙa faɗar gaskiya a saman feji da Hausar da kowa zai gane, mai karanta odiyo shi ma ya faɗa kafin ya fara. A ce a wannan fejin za a yi wa mace dole. Mai so ya shiga da idonsa a buɗe, wanda ba zai iya ba ya tsallake, mai shago irina ya san lokacin da zai kashe sifika.

In kuwa ta ce littafin ya riga ya yaɗu, sunan ba zai ciru ba, to na ji. A bar sunan. Amma ta kashe ni. E, haka na ce, Malam Sabi'u ya ɗago kai yana kallona, na ce ya buga. Kar a kawo min tagwaye, kar a kawo min nurul ƙalbi. Zuwaira ta warke daga hayaƙin nan, ta tuna duk abin da aka yi mata, ta ƙi yafewa in ba ta ga dama ba, ta ɗauki takobin nan ta raba yariman da kansa a gaban aljanun kogin gaba ɗaya, ta koma wurin wanda take so. Ranar zan sa odiyon a sifika, in fito da benci waje, in sayi lemo in raba wa layi. Ba a taɓa kashe mutum ya yi murna irin wadda zan yi ba.

Saura magana ɗaya, kuma ba taki ba ce, Hajiya, aron takardarki na yi. Duk wanda ya ji muryata a ƙarƙashin fejin nan, to ya ji wannan ma. Abin da Yarima Ɗanlami ya yi wa Zuwaira fyaɗe ne. Ba soyayya ba ce, ba jarumta ba ce, kuma hayaƙi bai canja masa suna ba, sai ma ƙara masa muni da ya yi. Matar da ta ce a'a, a'a ta ce, ko a ɗakinta take, ko a ɗakin mijinta, ko a ƙarƙashin kogi. Na yabi abin da ban sani ba, yanzu na sani, kuma na tsine masa. Samarin da suka yi dariya a bencina, kar wanda ya sake zuwa min aski sai ya zo ya gaya min me ya ba shi dariya. Malama Hadiza, na faɗa, kuma ban yi dariya ba. Sauran yana hannunki, duk abin da kika yanke ba zan matsa miki ba.

Hajiya Shugaba, Allah ya ba ki ikon yin adalci ko da a kan 'yar ƙungiyarki ne. Allah ya tsare miki mutuncinki da na 'ya'yanki, kada ya nuna miki ranar da za ki ji sunan ɗanki a bakin mutane a kan abin da bai aikata ba. Ita ma marubuciyar, Allah ya ƙara mata basira, don hannunta yana da kyau, ya kuma sa ta riƙa tambaya kafin ta ɗauka. Ina sauraron amsarki a fili, yadda na yi maganata a fili.

Wassalam.

Ɗanlami mai aski,
Unguwar Shanu, Kaduna.